Ranar da Hayaƙin Eduvina Bai Tashi Ba

Shekara arba'in da ɗaya wuta ba ta mutu a murhun ƙarfe na Doña Eduvina ba, sai ranar da ɗanta Nibaldo ya zo daga birnin Castro da sabon murhu a kwali. Tun da safe ya kwashe garwashin, ya hau rufi ya ciro tsohon bututun hayaƙin, kunkunniya na zubo masa a ka.

"Mama, dubi abin da kike shaƙa! Huhu ne da ke ko tukunyar gawayi?"

"Tukunyar ce ta goya ka, marar kunya. Sauko kafin iska ta sauko da kai."

Suka ja tsohon murhun zuwa tsakar gida. Ya tsaya can cikin yayyafi, baƙi ƙirin, bakinsa a buɗe kamar wanda aka katse wa magana. Eduvina ta kau da kai. Tun safe gabanta ke faɗuwa, ta rasa dalili.

Da rana ta raba, sabon ya kama. Ɗaki ya yi ɗumi. Nibaldo ya ja ta waje yana nuna mata siririn bututun da ya kafa.

"Kin gani? Ko ƙyallin hayaƙi babu."

Nan ta tuna.

A ƙetaren mashigin teku, kan tsibirin da ke fuskantar nasu, akwai gidan Don Belarmino, tsohon masunci da ya nemi aurenta tun suna yara bai samu ba. Ranar da aka binne mijinta ya ce mata abu ɗaya: "Kullum zan duba hayaƙinki. Ran da ban gani ba, ina tafe." Shekara tara ke nan. Ba shi da waya, ba ya kuma saɓa magana.

Ta juya ga teku. Iskar arewa ta riga ta taso, ruwan ya yi duhu yana tofar da kumfa. Can ciki, wani ɗigo ruwan ɗorawa na ɓacewa yana ɓullowa. Kwale-kwalensa ne. A tsaye yake tuƙi kamar yadda mutanen zamanin baya ke yi, fuskarsa na kallon gidanta.

"Wayyo, tsohon banza! Shekara saba'in da takwas!"

Ta ruga wajen tsohon murhun, ta cusa masa ɗanyen itace da jiƙaƙƙen ganye, ta yaye mayafin ulun da ke kafaɗarta ta tura a kai. Hayaƙi take so, mai kauri, wanda makaho ma zai gani ya koma gida. Ta zaro ashana.

Nibaldo ya riƙe mata hannu.

"Mama, tsaya. Ya wuce tsakiya."

"Sake ni, ɗan nan!"

"In ya ga hayaƙi zai juya, kin san halinsa, ba zai yarda ki ce ya ruɗe ba. In kuwa ya ba igiyar ruwan nan gefe, ta kife shi. Gara ya ci gaba da tahowa."

Ta dubi ashanar, ta dubi ɗigon. Ta san gaskiya ya faɗa. Abin da ke riƙe da hancin jirgin nan a saiti shi ne tsohon ya ɗauka ta mutu. Ko ita ya hango a tsaye, shi ke nan.

Ta shige ɗaki ta saki labule.

Ta zauna gaban sabon murhun, wanda ke ci shiru, babu ƙara, babu ƙauri. Iska na dukan kwanon rufi. Tana ji a jikinta yadda wani mutum ke can tsakiyar ruwa yana makokinta, ita kuwa ga ta da rai, ta ƙi gaya masa. Ba ta taɓa yi wa kowa mugunta irin wannan ba.

"Yana nan?" ta tambayi Nibaldo da ke leƙe ta taga.

"Ban gan shi ba... Ga shi! A'a."

Nibaldo ya bar taga ya fita a guje. Ta matse kwalin ashanar har ya murƙushe a tafinta.

An daɗe. Sannan ta ji katako ya gurji tsakuwar gaɓa, sai shiru, sai wata murya a dushe, wadda shekara hamsin ba ta kira sunanta babu laƙabin girmamawa na Doña ba.

"Eduvina!"