Farin Siket ɗin Bara'atu

—kuma fari! Fari tas. Wa zai zaɓa wa ɗiyan manoma farin siket su sa a makaranta in ba namiji ba? Kai, Arzika. Kai da na riƙe hannunka kana koyon rubutu, majina har haɓa... yau kai ne shugaban makaranta, kai ne mai bulala.

Dakalin nan da sanyi yake. Gwiwa. Bari dai in zauna, ba inda za ni sai na ga ta shigo ƙofar makarantar nan da ƙafarta.

Bara'atu. Yarinyar da ke gama lissafi kafin malami ya ajiye alli. Al'ada ta zo mata a tsakiyar aji, ƙunzugun bai riƙe ba. Ta yaya zai riƙe? Yagaggen zanen uwarta, a wanke ba sabulu, a tura ƙarƙashin gado don kada maza su gani, ko bushewa bai yi ba. Ta tashi ta je allo, ta juya baya... samari suka sa ihu. Kai kuma ka fito da ita gaban taron safe, wai ƙazanta. Ƙazanta! Bulala a kan abin da Allah ya halitta? Ta tafi gida ba ta dawo ba. Jarrabawar aji uku na matsowa, ka ce ka sallame ta, dama ta cika fashi duk wata. Duk wata, Arzika. Ba ka taɓa tambayar kanka dalili ba?

Ga wasu can tafe, cikin shuɗi. Shuɗi mai duhu, ɗinkin Dibora ta kasuwar Gusau. A'a... ba ta cikinsu.

Na zo maka da girma, ka ce, "Malama Luba, kin yi ritaya, je ki huta." In huta? Na hau mota zuwa ofishin ilimi na Bungudu, suka ce sai Gusau. Jiha sabuwa, kujeru na ƙamshin fenti, kawuna kuwa nan suke inda na bar su. Wai maganar mata ce, ba a yin ta a ofis. Ɗaya har da a'uzubillahi, kamar ba mace ta haife shi ba.

To. Ranar zaman manyan ma'aikatar ilimi na ɗaura farin zane, na dafa zoɓo mai kauri, na zuba ta baya. Da furfurata! Na shiga na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, na ɗauki alli, na juya musu baya ina rubutu a allo, a hankali, yadda ita ta juya. Can wani ya ce, "Subhanallahi, Hajiya, zanenki..." Na ce, "Na sani, Alhaji. Nawa zoɓo ne kun kasa kallo. Nata jini ne, kuma makaranta duka aka tara ta kalla."

Ban zauna ba sai da suka amsa. A mayar da ita aji, a kawar da farin nan a koma shuɗi, bayan gidan 'yan mata a sa masa ƙofa da buta da sabulu. Kuma haƙuri — a filin da aka yi bulala, nan za a ba da shi. Ba a ofis ba.

Amma ita... ita ce ban sani ba. Jiya na kai wa uwarta ƙunzugu sabbi na auduga, na nuna mata shanya a rana da mayafi a sama, ba mai ganewa. Ubanta Labbo ya ce sai abin da yarinya ta ce. Yarinya ko ɗago kai ba ta yi ba. In ba ta zo ba fa? Zoɓon, kunyar, tafiyar — duk don ƙofar bayan gida?

An buga ƙarfe. Layi. Ga ka can kana gyaran hula, kana satar kallona. Kalle ni da kyau.

Waccan... mai tafiya a gefen gonar gero, littafi a ƙirji... Ita ce. Wallahi ita ce! Shuɗin ya yi mata yawa, ba komai, za ta cika shi.

Me kake cewa, Arzika, haƙurin ne? Ɗaga murya, yadda ka ɗaga ranar! Yawwa. Samarin ma sun ji. Ban so in yi guɗa, ni malama ce... to, ta fita, ta riga ta fita.

An shiga aji, ta taga ina hangen ta. An yi tambaya, hannunta a sama. Ta tashi. Tana tafiya allo — ba ta waiwaya ba, ba ta kai hannu baya ta shafa ba. Tafiya kawai take, kamar kowa. Alhamdu lillahi. Yanzu sai gida, in miƙe ƙafafun nan, in sha fura, in...

Wace mota ce wannan? 'Yan makarantar wani ƙauye, daga wajen Furfuri. Fari. Su ma fari? To Kwatarkwashi fa... Tsafe fa...

Gwiwar nan. Zanen ma ban wanke ba tukuna.