Shanyar Monita

A duk unguwar Bukan Sidi ta Lafia ni kaɗai ce mai shanya monita. Mata na baza alibo da barkono a rana, ni kuma da hantsi sai in cire allon kwamfutata in jingina shi da bango, in koma in share shago. 'Yan acaban bakin titi sun samu abin yi. "Anti Juwairiya, yau ma wanka aka yi mata?" Ni dai sai in ci gaba da sharata.

Ba hauka ba ne. Monitar ce ta tsufa ta ɗauki halin tsofaffi, ba ta son sanyin safiya. Sai ta kawo haske ta ɗauke, ta kawo ta ɗauke. Na canza waya, na aro sitabilaiza, na make ta a ƙeya yadda kowa ke yi. Da na jona monitar maƙwabcina kwamfutar ta yi aiki garau, sai na san mai laifin. Wata rana na fitar da ita don in goge tebur, ta sha rana, ina jonawa ta kama. Tun daga ranar muka shirya: in ba ta rana, ta ba ni aiki.

Da ita nake buga wa ɗalibai da 'yan kasuwa takardu. Ita ce kuma ta fitar da ni daga siton yayana Safiyullahi, inda na yi shekaru ina rubuta masa takardun lodin riɗi da agushi. Albashina a wurinsa shi ne "ai duk naki ne". Duk nawa ne, amma ko katin waya zan fita saya sai na nemi izini.

Sai damina ta sauka. Gari ya lumshe, rana ta yi ɓatan dabo, monita ta ce ba da ita ba. Na kai ta gefen murhun Maman Ferdinand mai suyar doya don ta ji ɗumi. Ta kama kuwa, amma ta dawo tana ƙamshin mai, kusurwarta guda ta narke. Ɗalibai suka fara leƙowa suna wucewa gaba, ni kuma ina zaune ina jin zuciyata na tafasa.

Labari ba ya kwana a Lafia. Washegari sai ga motar Yaya a ƙofar shago. Ya buɗe but, ga sabuwar monita a kwalinta, faffaɗa.

"Taki ce," in ji shi. "Ki kwashe kayan nan ki dawo sito. Na gyara miki tebur kusa da nawa. Ki daina zubar mana da mutunci, ƙanwata guda tana gasa kwamfuta a murhu."

"In na karɓa na zauna a nan fa, Yaya?"

"A nan me za ta yi? Can ake bukatarta."

Na san kyautar Yaya, ba ta zuwa sai da igiya. Na ce ya ba ni zuwa jibi. Ba zan ɓoye ba, na so monitar nan, har ya rufe but ɗin ina bin ta da ido.

Na goya tsohuwar a acaba zuwa wurin Tavershima, wani Tibi mai gyaran talabijin a bayan kasuwa. Ya kwance bayanta ya nuna mini wasu 'yan gwangwanaye kamar kan yatsa, sun kumbura.

"Anti, kin gani? Kafasita ne. Shi ya sa yana son zafi. Wannan ba wahala, zan canja." Ya haska tocila a fuskar allon, ya girgiza kai. "Amma fitila biyu ne ciki, sama da ƙasa. Na ƙasa ya mutu, kuma irin shi babu a kasuwa yanzu. In na gyara, rabi ne zai yi haske."

"Zai daɗe?"

"Wata ɗaya, shekara biyu, Allah ne ya sani. Ni dai in ni ne, zan sayi wani. Ba ki da wanda zai taimaka?"

"Ina da shi," na ce. "Gyara."

Ya dube ni, ya ɗaga kafaɗa, ya jona ƙarfensa na liƙi a wuta.

Ranar da muka yi da Yaya ya iso ana yayyafi. Ya tarar da ni ina buga wa wata ɗaliba aikinta na makaranta. Saman allon tas, ƙasan kuwa dishi-dishi kamar an shafa toka. Na tattara rubutun na mayar da shi sama, ina ganin layuka kaɗan a lokaci guda, ina gangarawa a hankali. Aikin ya fi cin lokaci, idona ma yana yaji, amma takarda na fitowa daidai.

Ya tsaya a kaina yana kallo, mukullin mota a hannu.

"Kada ki soma yi mini zancen guntun gatari," ya ce. "Wannan ko guntu bai kai ba. Jibi zai sake mutuwa."

"Wataƙila."

"In ya mutu kada ki kira ni."

"To, Yaya."

Abin ya yi mini zafi, don shi ya riƙe ni tun rasuwar Baba, kuma na san ba wasa yake ba. Ban ɗaga hannuna daga madannai ba. Ɗalibar ta sunkuyar da kai tana wasa da wayarta.

"Juwairiya, ki dubi abin nan da kyau," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Ga sabuwa a mota, ki zaɓi rabin allo?"

Na juyo na dube shi.

"Rabin ne, Yaya. Amma ni na buɗe shagon nan da safe, kuma ban tambayi kowa ba."

Ya juya ya fita. Daga baya na ji motar ta tashi. Na ce wa ɗalibar ta karanto mini layi na gaba.