Iya Hassana Ta Yi Barka Ta Waya

Ranar da aka ce za a rufe Dutse saboda korona, kowa a gidan Malam Mu'az na Limawa ya ruga sayen abin da ya dame shi. Mahaifiyarsa, Iya Hassana, ta sa aka jibgo mata gero, citta, tafarnuwa da lemun tsami, har ɗakinta ya koma kamar rumfar kasuwa. Malam sabulu ya kwaso da takunkumi. 'Yarsa Munira kuwa, kuɗin ɗinkin sallarta kaf ta zuba wa wayarta data. Iya ta kwana uku tana mita, wai yarinya ta sayi abin da ba a dafawa, ba a ɗaurawa.

Bayan 'yan makonni, sai ga labari daga Jahun: Safina, autar Iya, ta sauka, an sami namiji. Iya ta rangaɗa guɗa, ta taka rawa har ɗankwali ya faɗi, ta hau ƙulla yaji da daddawa. Sannan aka tuna mata hanya a rufe take. Ita da ba a taɓa yanka ragon suna a zuri'arta ba sai ta ga jaririn da idonta. Ta zauna kan buhun gero ta rafka tagumi.

Munira ta gama jan ajinta, kana ta ce ai ana iya ganinsa ta waya, sai dai datarta ta kusa ƙarewa.

"Har fuskarsa?"

"Har kukansa, Iya. Amma fa datar nan ba a dafa ta."

"Rufe min baki, 'yar nema." Ta kwance bakin zani ta miƙa mata ɗari biyar.

Sai dai ta hana a kira sai da ta yi wanka, ta ɗaura atamfar ƙasan akwati, ta zizara kwalli, ta feshe jikinta da turare. Munira na dariya tana cewa ƙamshi ba ya bin waya, Iya ta ce ba za ta je gaban sabon miji tana warin tafarnuwa ba.

Da fuskar jaririn ta bayyana, Iya ta yi sallama, ta kai wayar dab da hancinta.

"Wannan ne angon nawa? Safina, ina kika samo wannan kunnuwan?"

Ta karanto addu'a ta tofa masa, sau uku, a kan gilashin. Munira ta dafe kai, Malam ya tuntsire da dariya. Iya ta sa gefen mayafi ta goge, kiran ya katse.

Ta miƙa wa Munira wayar, bakinta har kunne.

"Sake kira. Ban ga ƙafafunsa ba."