Jumare da Karnukan Oga

Jumare ne ya fara hango ƙarshen ɗan Adam, tun 'yan boko ba su farga ba. Bai taɓa zama a aji ba, amma yaƙin basasa ya ci abokansa ya bar shi, kwalara ta share unguwarsu ta tsallake shi, rikicin Ketu na Legas ma da ƙafarsa ya fito. Wa zai koya masa duniya?

Tun zamanin soja yake gadin wani gida a Ikeja, yana kwana a ɗakin bakin ƙofa. Da farar hula suka dawo, oga ya samu kwangila, ya sa ƙofa mai buɗe kanta, ya sayo karnuka daga Turai, kowanne kamar maraƙi. Sai ya kira shi.

"Baba, gadi ya ƙare. In kana son ɗakin nan, ka riƙa yi musu wanka kana ba su abinci. In ba ka so, Allah ya kiyaye hanya."

Hanyar ina? Ƙauyensu ya daɗe da zama kufai.

Wilson ɗan oga, da ya dawo hutu daga jami'a, ya same shi yana harare-hararen kejin karnukan.

"Kar ka damu, Baba," in ji shi da Hausarsa ta kudancin Kaduna. "Malamanmu sun ce duniya ba don mutum take ba. Wata rana duk za mu ƙare, dabbobi da injina su ci gaba, ba mai kewarmu."

"Sai da ka je jami'a ka san wannan? Ni a bakin ƙofar ubanka na gani."

Jumare ya ɗauki soso da bokiti.

Ran Juma'a ya hau motar danfo zuwa Agege, rumfar Sa'idu mahauci, inda tsofaffin masu gadi ke haɗa hannu a kwano ɗaya bayan masallaci. Ya dirje hannuwansa da ƙasa har suka yi ja, amma labari ya riga shi isa. Ya miƙa hannu, Sa'idu ya dafa ƙirji kawai. Aka turo masa tuwonsa a wata roba daban.

"Sannu da aiki, Jumare," in ji Sa'idu. "Ya iyayen gidanka? Sun yi haushi lafiya?"

Rumfa ta kece da dariya.

"Ku dara," Jumare ya ce. "Kai Uwaisu, ƙofar gidan da kake gadi ma tana nan tana koyon buɗe kanta. Ni dai na riga ku samun gurbi."

Ba wanda ya ce ya matso. Ya juya baya ya cinye, bai rage loma ba.

Da ya koma Ikeja, karnukan ne suka taro shi da gudu suna kaɗa jela. Ɗakin ya zauna a hannunsa, Agege kuwa bai ƙara takawa ba.

Duk mai musu, sai ya zo gidan da kansa. Ya tsaya ya ji tarin Jumare, ya ji na kare, ya ga wanda ake ɗauko wa likita.