Masar Walimar Naja'atu

Ina tsaye a ƙofar gida ina nuna inda za a shimfiɗa tabarmi, sai ga Haladu ya fito daga zaurensa da fanteka a ka, an rufe ta da farin ƙyalle, tururi na fita ta gefe. Ranar ce walimar saukar Alƙur'ani ta 'yata Naja'atu. Ni kuwa ban gaya wa Haladu na ba wata aikin masar ba.

Katanga ɗaya ta raba gidajenmu a Ƙaura. Tare muka yi firamare har aji huɗu, ni na kama ɗinki, shi ya bi mata ya koyi girki. Ɗan daudu ne, kowa ya sani, kuma yana da rumfar masa a tashar motar Shinkafi. Duk sunan da aka yi a gidana shi ya yi masar. Ba a aika masa. Da ya ga rana ta ƙarato sai ya jiƙa shinkafa. Matata Rekiya "ƙawata" yake ce mata.

Da aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau, abokan sana'arsa suka watse, wasu Maraɗi, wasu kudu. Shi ya ce ba inda za shi, kabarin uwarsa na nan. Ya bar ɗaura zani, ya sa riga da hula, ya tara ɗan gemun da bai taɓa cika ba. Duk da haka ciniki ya mutu. Ba wanda ya hana a saya, kowa dai yana duban wanda ke dubansa.

Ni na ci gaba da saye kowace safiya, har ranar da Malam Rufa'i, shugaban Islamiyyar su Naja'atu, ya zo karɓar ɗinki ya ce, "Ashe har yanzu wurin Haladu kake karin kumallo?" Iyakar abin da ya ce ke nan. Amma ya riga ya yi alkawarin ɗaukar Naja'atu koyarwa in ta sauke, ga kuma ƙannenta biyar a makarantarsa. Kwana uku ina juya maganar. Daga nan na canza hanya, ina zagayawa ta bayan layin dogo don kada in wuce rumfar.

To, ga shi ranar walima ya sauke fantekar a gabana yana share zufa.

"Tun shekaranjiya na jiƙa shinkafar," ya ce. "Ɗiyata ta sauke, ai ba sai an aiko ba."

Can kan kwana na hango Malam Rufa'i da mutanensa suna tahowa. Na yi ƙasa da murya na ce an riga an yi masar, ya koma da tasa. Ya tambayi wa ya yi, na ce Maimunatu ta bakin kasuwa.

"Maimunatu? Wadda in ka jefi kare da masarta sai ya yi ɗingishi? Muttaka, baƙinka dattijai ne fa, haƙoran ba su da yawa."

Ban yi dariya ba. Ya bi inda idona yake, ya ga masu tahowa. Ya durƙusa ya ɗora fantekar a gwiwa, daga nan ya kai ta ka. Ko taya shi azawa ban yi ba.

Naja'atu ta samu aikin. Rekiya kuwa ta yi kwanaki ba ta ce mini komai ban da "ga abinci".

Kafin damina Haladu ya rufe rumfar. Ciwon suga ya kama shi, ƙafa ta kumbura. Rekiya kan kai masa kunu da kanta, ba ta ko neman izinina, ni kuma in yi kamar ban gani ba. Ban shiga ba sai da ƙanwarsa Ummuhani, wadda ta zo jinya daga Zurmi, ta tare ni a ƙofar shago ta ce yana nemana.

Na same shi bayan la'asar kwance a kan tabarma, ya rame har na kusa in kasa gane shi. Ya tambaye ni ko Naja'atu na dukan yara, na ce a'a. Ya ce ya sani, tun tana goye ba ta da zafi. Na fara haɗa maganar da na zo da ita, sai ya ɗaga hannu.

"Bari. Uba ne kai, na gane. Abu guda dai: da ka faɗa mini tun kafin in jiƙa shinkafar."

Ya rasu ranar Talata da hantsi. Mu tara muka tsaya a bayan gawa, kuma Malam Rufa'i ne ya yi masa salla, ba tare da wata-wata ba. A hanyar maƙabarta na kasa riƙe abin, na tuna masa tambayar da ya yi mini a shago. Ya tsaya ya dube ni.

"Ni na ce haka? Wallahi ban tuna ba."

Ni na shiga kabarin na karɓe shi, ni na kwaɓa ƙasar da aka liƙe itatuwan. Na dawo gida da laka har gwiwar hannu. Naja'atu ta taso daga makaranta ke nan, da farin alli a gefen hijabinta. Ba ta yi mini sannu ba. Ta ɗauko buta ta tsuguna a gabana, ta riƙa zuba mini ruwa a hankali, jan ruwan na gangarawa cikin kwata.