Duwatsun Gugar Baba Kari

Baba Kari ake ce masa, don in ya goge maka wando karin zai iya yanka tumatir. Wanki da guga ne sana'arsa tun yana saurayi, kuma tun lokacin ya ɗauko wata cuta da ba ta jin magani, wato tara tsofaffin duwatsun guga na gawayi. Da masu zakara a baki, da masu hannun katako, da wani ɗan mitsitsi da ko hula ba zai goge ba, duk ya jera su a kanta a falo. Ƙura kawai yake kaɗe masu da tsumma. Yaran gidan sun taso sun san gara ka taka ƙafar Baba da ka taɓa kantar nan.

Sai injin wankinsa ya ƙone. Makaniki ya leƙa ciki ya ce a yi masa addu'a kawai. Ga shi rabin abincin gidan daga zannuwan gadon wani masauki yake fitowa, kuma manajan ya faɗa ba ɓoye-ɓoye, in ba a sami sabon inji kafin ƙarshen wata ba, zai ba wani aikin.

Akwai wani mai sayen kayan tarihi, siriri mai gilashi, da ya daɗe yana zawarcin kantar. Baba Kari ya kira shi. Mutumin ya zo, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗagawa yana shinshinawa, sa'annan ya yanka kuɗi masu kyau, har sun haura na injin. Amma da sharaɗi.

"Duka nake so, Baba. Ba na raba kaya."

"Ko biyu ba za ka bar mini ba?"

"Ko murfi."

Baba Kari ya ce ya sallama, a zo a ɗauka ranar Asabar. Shi kuwa in ya ba da magana ya bayar ke nan. Sai dai daga ranar abinci ya daina wuce masa. Ya zauna a falo ya juya wa kantar baya, wai shi bai damu ba.

Asabar da safe ya dawo daga shago, ya tarar da matarsa a tsakar gida ta baje tabarma, ga toka, ga lemun tsami, ga soson ƙarfe. A gabanta wasu daga cikin duwatsun ne suke ta ƙyalli kamar sababbin cokula.

Ya ƙarasa wurinta da sauri.

"Maman yara, me kika yi haka?"

"Gyara su na yi. Wa zai sayi abu duk tsatsa?"

"Tsatsar ai ita ake saya. Kin kashe mu, wallahi kin kashe mu."

Ta ce to ita me ta sani, ta ci gaba da ɗauraye hannunta. Ran Baba Kari ya ɓaci ƙwarai, ga tsoro, don in mutumin nan ya fasa, aikin masauki ya tafi. Bai gama huci ba aka yi sallama.

Mai gilashi ya ga aika-aikar, ya cire gilashin, ya goge, ya mayar. Ya ɗauki mai zakara ya juya shi, fuskarsa kamar an ba shi maɗaci. Ya ce shekaru aru-aru aka kankare da soso, waɗannan ko kyauta ba ya so. Ya nufi ƙofa. Baba Kari ya bi bayansa da ido.

A bakin ƙofar mutumin ya tsaya. Ya waiwayo ya dubi sauran da ke kan kanta, baƙi ƙirin da su, ba wanda ya taɓa. Ashe shi ma cutar tana cinsa.

"Zan ɗauki waɗancan," in ji shi. "Amma kuɗin ya ragu."

Ya ragu ɗin, amma ya kai na injin, har da ɗan abin biyan mai haɗawa. Aka naɗe kaya a tsofaffin jaridu aka loda a mota.

Da gida ya yi tsit, Baba Kari ya durƙusa yana tattara waɗanda aka ƙi. Mai zakara, na ubangidansa da ya koya masa sana'a. Mai karyayyen hannu, da shi ya goge kayan aurensu. Ɗan mitsitsin nan, ranar da aka haifi 'yarsu ta fari ya tsince shi a kasuwa. Ya sake dubawa da kyau. Cikin wannan tarin duka, ko ɗaya matarsa ba ta taɓa ba sai waɗanda yake da labarinsu.

Ya ɗaga kai. Tana can tana shanya, ta ba shi baya.

"Maman yara, ranar da mutumin nan ya fara zuwa, kina ina?"

"Bayan labule. Ina kuma zan kasance?"

"Da ya fasa fa?"

"Wanda yake shinshina ƙarfe? Ai na zauna da irinsa, na san ba ya iya tafiya."

Dariya ta ƙwace masa, ya yi ta yi har da hawaye, daɗi ya cika shi. Ya ce amma dai ta ɓata su, ƙyallin nan ko kyan gani babu. Ta ce ya kwantar da hankalinsa, damina biyu za su koma yadda yake so, in Allah ya ba su rai.

Ya mayar da su kan kanta, ya wawware su don su cike gurbi. Sa'annan ya leƙa kicin ya tambaya ko akwai sauran abincin jiya.