Hatimin Kawu Shiu-tong

Wace azurfa ce ta fi daraja, wadda hannu bai taɓa ba, ko wadda hannaye dubu suka shaida? Shekara talatin ina tara dalolin azurfa a Hong Kong, har yau ban san amsar ba.

Wadda na fi ji da ita dalar Amurka ce ta 1875, cikin waɗanda aka buga don ciniki da mutanenmu na ƙasar Sin. 'Yan canjin da, in sun gwada dala sun tabbatar azurfa ce, sai su doka mata hatimin ƙarfe. Shi ya sa yawancinsu duk tabo. Tawa kuwa sumul take, a rufe cikin gidan roba. Tabo ɗaya zai karya mata farashi.

Kawu Shiu-tong, yayan mahaifiyata, shi ya riƙe ni, shi ya koya mini jin muryar azurfa. Ranar da ya cika tamanin da biyar, ya ajiye hatimin mahaifinsa, wanda ya yi canji a birnin Canton, kusa da kofin shayina, ya kira sunana.

"Fai, kawo dalar nan taka. Ban taɓa doka shi ba, ina so in yi sau ɗaya kafin in tafi."

"Haba Kawu! Ga masu tabo fal a akwati, ka zaɓa."

"Waɗanda wasu suka riga suka shaida? Me zan ƙara musu? Kai dai ka mai da dala amarya, ko iska ba ta sha."

Na ƙi. Bai yi fushi ba, sai ma ya ƙara mini shayi.

Kwana uku ina juya maganar. Na tuna lokacin da mai shagon jingina ya ƙi ɗaukata aiki don mahaifina ɗan caca ne. Kawu ya je da ƙafarsa, ya sa hannu a takarda ya tsaya mini, ya ce, "Na gwada shi, na gaske ne." Ban taɓa yi masa godiyar wannan ba.

Na koma gidansa da filaya, na fasa robar a gabansa. Ya ɗora dalar a kan yatsa, ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne har ƙarar ta ɗauke.

"Ta gaske ce. Amma hannuna rawa yake, riƙe mini hatimin. Kuma ka daina ɓata fuska, ba kai zan doka ba."

Na riƙe. Ya ɗaga guduma.